Wace kalma za mu ba "for loop" da Hausa?

Jama'a ina neman taimakonku kan kalma ɗaya. Duk Asabar ina koya wa yaran unguwarmu Python, wato yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, a nan Tudun Wada, kwamfuta uku muke juyawa, kuma da Hausa nake bayani don shi ya fi zama a kansu. Toh mun zo kan for loop sai na rasa sunan da zan rubuta a allo.

Ga wanda bai sani ba, maimakon ka rubuta layi ɗaya sau ɗari sai ka ce wa kwamfuta ta maimaita shi sau ɗari, ita ke ƙirgawa da kanta, in ya cika ta tsaya ta wuce gaba.

Na ga wasu na rubuta maɗauki. Gaskiya ban yarda da shi ba, yaro na jin maɗauki hankalinsa ya tafi kan hannun bokiti. Wani abokina ya ce a sa shataletale, kamar mai keke yana juyawa a na Lugard Hall, ya yi daɗi a baki amma ai babu lissafi a ciki, ya fi dacewa da zagayen da aka manta ba a sa masa wurin tsayawa ba har kwamfuta ta maƙale.

Wata yarinya ce a ajin ta buɗe min ido, ina cikin bayani ta ce "Malam ai kamar carbi ne". Wallahi haka ne. Tun kafin ka fara ka san 33 za ka yi, abu ɗaya kake maimaitawa, yatsa na tura ƙwaya ɗaya duk sau ɗaya, kana kaiwa ƙarshe ka tsaya. Komai na abin nan yana cikin misalinta, mafari da iyaka da abin da ke riƙe lissafi. Sai dai ba na so a ɗauki sunan kayan ibada a liƙa wa wannan, a bar shi a misali.

Shawarata a ce zagayen ƙirge. Ɗan'uwansa kuma da ake rubutawa da while ya zama zagayen sharaɗi, kamar daka, ba wanda ke ƙirga taɓarya sau nawa ta sauka, sai gari ya yi laushi kawai. Ita kuma i ɗin nan da kowa ke sawa a for loop don ta riƙe lissafin zagaye, mu kira ta maƙirgi (tun tsohon yaren kwamfuta Fortran na 1957 aka gado ta, a can sunan da ya fara da harafin I zuwa N cikakkiyar lamba yake ɗauka).

Har na ga amfanin sunan. range(5), wato umarnin a yi zagaye biyar, yana ba da 0 zuwa 4 ne, abin da ke rikita yara sosai kenan, da na ce musu maƙirgi yana faɗin zagaye nawa aka riga aka gama, a na farko ba a gama ko ɗaya ba shi ya sa yake 0, nan take suka kama.

Inda nake da shakka ƙirge ko ƙidaya. Ni ƙidaya tana kai ni kan ƙidayar jama'a ta 2006. Malamanmu na Hausa, musamman na Zariya da Kano, wanne ya fi zama a kunnenku? Asabar mai zuwa zan rubuta shi a allo in sha Allah.