Sabbin ƙwayoyin lupus: shekara nawa aka bi masu shansu?

Ramatu_Yamai:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Masu lupus (ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kansa) a nan Yamai sun fara tambayar voclosporin da deucravacitinib, wai sun gani a Facebook. An san abin da suke yi wa jiki in an daɗe ana sha?

Dokta_Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Ramatu. Bari mu fara da voclosporin. Amurka ta amince da shi a Janairun 2021, don lupus ɗin da ya taɓa ƙoda kaɗai. Gwajin AURORA 1 ya ɗauki mutum 357 shekara guda, sai 216 suka zarce AURORA 2 har aka cika shekara uku, kuma aikin ƙodarsu bai lalace ba. Sai dai waɗanda suka zarce su ne maganin ya karɓa tun farko. Wanda ya sha wahala ya riga ya fita. Kuma shekara uku ba ta kai ko'ina ba ga yarinyar da ta fara tana da shekara 22. Deucravacitinib kuwa, gwajin PAISLEY mutum 363 ne, mako 48.

Hajiya_Farmasi:
Dokta, bari in ƙara. Voclosporin ƙwaya uku ta 7.9 mg ake sha sau biyu a rana, ciki ba abinci, tare da mycophenolate, maganin rage ƙarfin garkuwar jiki, wanda ke lalata ɗan tayi, don haka a fara maganar tsarin iyali. A duba ƙoda da hawan jini duk mako biyu a watan farko. Rifampicin na tarin fuka yana sa hanta ta narkar da shi ya zama banza. Ketoconazole da clarithromycin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kuma suna tara shi a jini har ya ci ƙoda. Ga zafin Afrilu da azumi, jiki ya bushe, ƙoda ce ke biya.

Malam_Issa:
Kar a manta baricitinib, wata ƙwayar da aka gwada kan lupus: gwaji ɗaya ya yi nasara, na biyu bai yi ba, aka dakatar da shi kan lupus a 2022. Dangin JAK kuma, wato rukunin magungunan da baricitinib ke ciki, suna ɗauke da gargaɗin daskarewar jini, ciwon zuciya da kansa tun 2021. Kafin a fara kowanne a auna tarin fuka da ciwon hanta na B, ga shi da yawa a ƙasar nan. Hydroxychloroquine dai, tsohon maganin lupus, kar a cire shi: kada ya wuce 5 mg kan kowane kilo a rana, a riƙa duba ido duk shekara bayan shekara biyar.