Aikin ofis da lambun gida: yaya ake haɗa su idan bazara ta ƙarato?

Sabon Manomi:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawara. Lambu ne a bayan gida a Kano, mita 4 a faɗi, 5 a tsawo, akwai tumatir da latas da karas. Fita aiki ƙarfe bakwai, dawowa sai bayan biyar, Litinin zuwa Juma'a. Ga Fabrairu ta kusa ƙarewa, zafi ya fara leƙowa. Me ya kamata a shuka yanzu, kuma yaya mai aiki zai tsara ban ruwa?

Ɗan Fadama:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da lissafin ruwa kafin maganar iri. A watan Maris da Afrilu kowace murabba'in mita tana shan lita 6 zuwa 7 a rana. Lambunka murabba'i 20 ne, ka ga ke nan jarka mai lita 25 guda biyar ko shida kullum. Idan ba za ka iya ba, raba shi biyu, ka riƙe rabi, ɗaya rabin ka zuba masa taki ka bar shi sai damina.

Latas da karas kayan sanyi ne, ka cire su kafin tsakiyar Maris. Latas idan ya ji zafi sai ya yi tsayi ya fitar da fure, ganyen ya yi ɗaci. Tumatir ma da zarar zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furen zubewa yake yi, ga tsutsar Tuta absoluta da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna sosai a 2016, lokacinta ke nan. Ka girbe abin da ya rage, ka tuge, ka ƙone.

A madadinsu sa kuɓewa, alayyafo, yakuwa da lalo. Kuɓewa a jiƙa irin ya kwana, ƙwaya biyu a rami, santimita 30 tsakanin ramuka, 60 tsakanin layi. Alayyafo a gauraya irin da yashi kafin a watsa, cikin mako uku zuwa huɗu ka fara yanka.

Uwargida:
Ƙari kan abin da Ɗan Fadama ya faɗa, yayyafi kullum shi ke cin lokaci kuma shi ke kashe shuka, domin saiwa ba ta nutsawa ƙasa. Yi fangali mai zurfi kamar yatsu huɗu, ka cika shi da ruwa bayan sallar asuba, minti ashirin ya isa. Sai ka rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, kauri santimita 5, amma kada ya taɓa gindin shukar saboda gara da ruɓewa. Da yamma tura yatsa cikin ƙasa. Idan da danshi, ka bar shi sai gobe.

Akwai kuma dabarar tulu. A binne tulun ƙasa wanda ba a shafa masa komai ba har wuya, a cika, a rufe bakin saboda sauro, a shuka kewaye da shi tazarar taƙi ɗaya zuwa biyu. Yakan kai kwana uku kafin a sake cikawa. Kuɓewa dai dole a riƙa cirewa duk bayan kwana biyu, idan aka jira Asabar ta ƙosa.

Malamin Gona:
Ina tare da su, sai dai ban yarda a bar rabin fili haka kawai ba. Asabar ɗaya ta isa a kafta shi, a zuba ruɓaɓɓen taki bokiti ɗaya a kowace murabba'in mita. Kashin kaji ɗanye yana ƙone saiwa, sai an tara shi ana yayyafa ruwa ana juyawa na mako shida zuwa takwas. Wanda ya tara yanzu, zai same shi daidai lokaci.

A gefe guda ka yi rumfar zana ka yi renon attaruhu da tattasai a ƙarshen Afrilu, mako shida suke so kafin dashe. Kada ruwan farko na Mayu ya ruɗe ka. A Kano damina ba ta cika zama ba sai cikin Yuni, duba hasashen da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon shekara. Idan ta zauna, tayar da kunya, domin fangali zai tara ruwa ya kashe barkono.

Farin ƙuda da ƙwaron da ke huda ganyen kuɓewa kuwa, daka 'ya'yan darbejiya giram 50 a lita ɗaya, ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, sau ɗaya a mako.

Sabon Manomi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Uwargida, tulu nawa zai ishi fangali mai mita 1 a faɗi, 2 a tsawo?

Uwargida:
Matsakaici biyu, ɗaya a tsakiyar kowane rabi. Makon farko ka ci gaba da ba su ruwa ta sama har saiwar ta kai jikin tulun.