Shin shugaban ƙasa zai iya sakin kuɗin annoba kafin majalisa ta amince?

Dakta: Ina nan kan bakana cewa idan annoba ta ɓarke bai kamata shugaban ƙasa ya jira majalisa ba. An tabbatar da mai korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, kuma a ƙarshen Maris Shugaba Buhari ya sanar da naira biliyan 10 ga jihar Legas da biliyan 5 ga NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, a daidai lokacin da 'yan majalisa suka dakatar da zamansu saboda cutar. Kasafin da aka yi wa kwaskwarima kuwa sai 10 ga Yuli aka sa masa hannu. A asibitin da nake aiki, takunkumi ɗaya nakan yi kwana uku da shi, idan na tashi in rataye shi a ƙusa bayan ƙofa.

Barista: Dakta, babu mai musun wahalar da kuka sha, amma sashe na 80 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana cire ko kwabo daga asusun gwamnatin tarayya sai ta hanyar da kundin ko dokar majalisa suka tanada. Waɗanda suka rubuta shi ba su manta da gaggawa ba, domin sashe na 83 ya ba majalisa damar kafa asusun ko-ta-kwana, wanda shugaban ƙasa zai ɗiba daga ciki idan buƙatar da ba a zata ba ta taso, da sharaɗin ya kai ƙarin kasafi gabanta don a mayar da abin da aka ɗiba.

Malam: Barista, hanzari ba gudu ba. A Fabrairun 2016 shugaban Amurka na lokacin, Obama, ya nemi dala biliyan 1.9 don yaƙar cutar Zika da sauro ke yaɗawa, majalisar Amurka ta yi ta jan ƙafa har Satumba, sannan ta ba shi biliyan 1.1. Sauro dai bai tafi hutu ba a waɗannan watanni bakwai.

Barista: Allah ya gafarta Malam, misalinka ni ya taimaka. Obama bai ƙirƙiro kuɗi da kansa ba. Kuɗin da majalisa ta riga ta ware, galibi na Ebola, shi ya karkatar.

Hajiya: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne rumbunan kayan tallafin korona da jama'a suka fasa a Oktoban 2020 a Jos da Kaduna, suka tarar da buhunan abinci jibge. Na san yawancinsu gudummawar attajirai ce, ba kuɗin kasafi ba, to amma idan abin da aka bayar a bainar jama'a ya maƙale haka, ina ga kuɗin da babu kwamitin da zai tambayi inda ya shiga?

Dakta: Ranki ya daɗe, na yarda a bi diddigi bayan an kashe. Tambayata ga Barista ita ce, idan asusun ko-ta-kwanan ya ƙare a mako na biyu, majalisa kuma tana hutu, daga ina kuɗin safar hannu zai fito?

Barista: Sai shugabannin majalisa su kira zaman gaggawa, ko da 'yan majalisar za su zauna nesa da juna da takunkumi a fuska, kamar yadda suka yi da suka dawo a ƙarshen Afrilun 2020.