Dokar Rumawa da 'yan Holan a Afirka ta Kudu: wai bauta ce?

Ɗalibi a Kef: Assalamu alaikum jama'a. Ni fa abin nan ya ishe ni. Na zo birnin Kef (Cape Town) a Afirka ta Kudu karatun lauya, sai ga shi ana ɗora mana Johannes Voet, wani malamin Holan da ya yi sharhin dokokin Rum wajen 1700, da Latin ma ya rubuta. Holan ɗin kanta ta ajiye wannan doka, wato dokar Rumawa da aka gauraya da al'adun Holan, tun 1809, zamanin Napoleon, amma har gobe alƙalan nan suna kafa hujja da ita a shari'ar kwangila da diyya da mallakar dukiya. Ƙasar da ta binne wariyar launin fata a 1994! In ba bauta ba ce wannan, mece ce?

Barista Zazzau: Wa alaikumus salam. Ƙanena, janye kalmar bauta. Bauta ta gaske a garin da kake zaune aka yi ta. Kamfanin cinikin Holan na Gabashin Indiya ya kafa zango a Kef a 1652 ƙarƙashin Jan van Riebeeck, aka yi ta jigilar bayi daga Madagaska da Indiya da tsibiran Indunusiya, sai a 1834 Ingila ta soke. Da yawa daga Musulmin garin jikokinsu ne. Kai kana aji da littafi a hannu ka ce kana bauta?

Maman Khadija: Barista, da wace doka aka riƙe bayin? Ba ita ce ta lissafa bawa cikin dukiyar ubangidansa ba? Yaron nan bai yi ƙarya ba.

Barista Zazzau: Hajiya, wancan babin ya mutu. Abin da ya rage an tace shi. Turawan Ingila da suka karɓe Kef a 1806 ba su tumɓuke dokar ba, sun dai cusa tasu a tsarin zaman kotu da ba da shaida da harkar kamfanoni. Tsarin mulkin 1996 kuma yana saman komai, ya ma amince da dokar gargajiya. Wannan gado ne, kuma magaji yana da ikon gyara gidan da ya gada.

Maman Khadija: An tace ina? Sai a 2022 kotun tsarin mulki ta ce rashin amincewa da auren Musulunci ya saɓa wa tsarin mulki. Kafin nan mace ta yi shekara talatin a ɗakin miji, ranar rabuwa sai ta yi ta faman kotu kafin a san da ita. Ku lauyoyi ba ku jin zafin mata, shi ya sa kuke kiransa gado.

Ɗan Maraɗi: Ku 'yan Najeriya da bakin magana? Dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900 kuka kwasa, har yau lauyoyinku na kifa hular gashin doki a ka cikin zafin Kano. In bauta ce, ku ne manyan bayi.

Barista Zazzau: Malam, kama bakinka. Dokar mu'amala tsakanin mutane ta Nijar daga kundin Napoleon na 1804 ta fito, shi kuma ruwan Rum ya sha. Kun fi mu kusa da Afirka ta Kudu a wannan harka.

Ɗan Maraɗi: Amma mu aure da gado da gona, al'ada alƙali ke bi.

Barista Zazzau: Mu kuma kotunan shari'ar Musulunci gare mu sukutum, har da ta ɗaukaka ƙara.

Abu Sumayya: Tsaya tukuna. Wace Rum ɗin kuke nufi? Sarki Justinian da ya sa aka tattara dokokin tsakanin 529 da 534 a Ƙusɗanɗiniyya yake, Istanbul ta yau. Su ne Rumawan da Alƙur'ani ya ambata a Suratur Rum, ba na Italiya ba.

Ɗan Maraɗi: To Ustaz ya iso, an koma tafsiri.

Abu Sumayya: Ka yi hattara da harshenka, ba da kai nake ba.

Ɗalibi a Kef: Jama'a don Allah, tambayata ita ce me ya sa Guyana ta iya sauke dokar a 1917, amma Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Botswana da Sri Lanka suke riƙe da ita.

Maman Khadija: Ɗana, ba za su amsa maka ba. Barista dai ya ce mini ko ya yarda an zalunci matan nan.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: Barista ya kawo tarihi da shekaru, ya nuna kalmar bauta ba ta dace ba, gado ne aka gyara. Hajiya ta yi magana da zuciya, Allah ya saka mata, amma batun aure daban ne. Ɗan Maraɗi ya nemi tsokana, kuma an ba shi amsa daidai da shi. Ɗalibi, ka nemi afuwar Barista, yayanka ne a wannan sana'a, ka koma kan Voet ɗinka. An rufe.