Ƙanina ya buɗe kyamarar shagonmu daga Indiya, in kashe IPv6 ne?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Masana a taimaka, don tun shekaranjiya hankalina bai kwanta ba.

Ni ke kula da shagon atamfar kawuna a Kantin Kwari. Muna da kyamara huɗu, da akwatin da ke naɗar hoton, da firinta, da kwamfutar da nake shigar da lissafi, sai wayoyin yaran shago da ke shan Wi-Fi kamar ruwan randa. Watan jiya muka bar kamfanin intanet ɗinmu muka koma wani. Yaron da ya zo haɗa rauta yana ta fara'a, wai "Alhaji, yanzu har IPv6 kun samu." Na ce madalla, alhali ban san ko ci ake ko sha ba.

Ran Talata da rana kasuwa ta yi sanyi, na shiga saitin akwatin kyamarar don in gyara agogo. A ƙarƙashin 192.168.1.20 ɗin da na saba gani sai ga wani dogon layi, lambobi da harufa a cakuɗe, ya fara da 2c0f, can wajen ƙarshe akwai ff:fe. Na ɗauke shi a hoto na tura wa ƙanina da ke karatun kwamfuta a Indiya, na ce wannan kuma mene ne. Ko minti goma ba a yi ba ya turo min hoto ta WhatsApp: ga Kawu nan zaune kan dilar shadda, ya tuɓe hula, yana ƙirga kuɗi. Daga Indiya fa! Ya ce adireshin kawai ya kwafa, shafin shiga ya buɗe, ya sa admin, ya gwada 123456, ya shige. Ashe haka mai haɗa kyamarar ya bar ta shekara uku.

Kalmar sirrin dai na canza nan take. Abin da ya ɗaure min kai, ni na gwada da datar wayata ina tsaye a ƙofar shagon bai buɗe ba, amma na Indiya ya buɗe. Sannan kwamfutata tana da irin wannan dogon adireshin har uku, jiya kuma na ga ɗaya ya sauya. An yi min kutse ne? In kashe abin nan in huta? Kuma da gaske ne da shi ana bin sawun mutum duk inda ya je? Kawu bai sani ba tukuna.

Injiniyan Samaru:

Wa alaikumussalam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, babu wani kutse in ban da na ƙaninka.

Tsohon tsarin ba na'urori adireshi a intanet, IPv4, tun 1981 yake, kuma adireshi biliyan 4.3 kacal gare shi, ga mutanen duniya sun haura biliyan 8. Ran 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA mai rabon adireshin intanet na duniya ta raba wa cibiyoyin yankuna biyar ɗan abin da ya rage mata, rumbu ya zama fanko. Tamu ta Afirka, AFRINIC da ke Mauritius, ita ma yanzu da cokali take aunawa. Shi ya sa aka daɗe ana lallaɓawa da dabarar NAT: gida guda, adireshi guda. Ka ɗauka babban gida ne mai zaure ɗaya. Na ciki ya aiki yaro, yaro ya dawo da saƙo, an san ɗakin da za a kai. Amma baƙo in ya yi sallama ba wanda ya kira shi, a zaure zai bushe, don ba a san wa yake nema ba. Kamfanoni da yawa ma sun ƙara wani zauren a kan naka, unguwa guda tana fita ta ƙofa ɗaya. Shi ne CGNAT. In ka taɓa ganin rautarka ta samu adireshi mai farawa da 100.64, to kana ciki.

Wannan zauren ne ya rufa wa 123456 ɗinka asiri shekara uku. Ba don tsaro aka gina shi ba, talaucin adireshi ne ya kawo shi, tsaron tsintuwa ce.

Sabon tsarin kuwa, IPv6, yawan adireshinsa in za ka rubuta sai ka jera lambobi 39. Wannan 2c0f ɗin daga kason AFRINIC yake. Shagonku kaɗai an ba shi aƙalla adireshi biliyan 18 sau biliyan. Saboda haka ba a buƙatar zaure, kowane ɗaki an fasa masa ƙofa ta bakin titi: kyamara da tata, firinta da tata. Indiya na cikin ƙasashen da suka fi kowa amfani da shi, musamman tun zuwan layin Jio, shi ya sa ƙaninka ya samu hanya. Kai kuma alama layinka bai ba ka IPv6 ba, babu titin da zai kai ka.

Magani shi ne katangar tsaro. Ka shiga rautar ka nemi ta IPv6, don sau da yawa daban take da ta IPv4. A rauta ƙirar MikroTik kowacce da wurinta, a kwamfuta mai Linux ma katangar IPv4 (iptables) daban, ta IPv6 (ip6tables) daban, mutum zai kulle ɗaya ya tafi barci ɗayar a wangale. Ƙa'idar ɗaya ce: abin da na ciki ya nema a bar amsarsa ta shigo, wanda ya zo ba gayyata a mayar da shi.

Kada kuma wani ya ce maka ai adireshin ya yi yawa, ɓarawo ba zai laluɓo naka ba. Ba ƙofa-ƙofa suke bi ba, jira suke ka fito. A 2016 an gano shafin Shodan, mai laluben na'urorin da ke buɗe a intanet, ya kafa na'urorin ba da lokaci, duk na'urar da ta zo tambayar ƙarfe nawa sai a rubuta adireshinta a koma a ƙwanƙwasa mata. Ka ga akwatinka ma agogo ka je gyara masa. A shekarar dai cutar kwamfuta mai suna Mirai ta tara kyamarori da akwatuna irin naka masu kalmar sirrin kamfani, ta durƙusar da manyan shafuka a Amurka.

Mai Haɗa Kyamara:

Yallaɓai Injiniya ka tsawaita. Alhaji shiga rauta ka cire alamar da ke gaban IPv6, shi ke nan. Duk inda na yi aiki haka nake yi, ba wanda ya taɓa kira na da ƙorafi. Me mai atamfa zai yi da adireshi biliyan? A watan Agustan 2024 ma Microsoft sun toshe wata ɓaraka a Windows da ake iya shiga kwamfuta ta IPv6 ba tare da mai ita ya taɓa komai ba, kuma su da bakinsu suka ce wanda ya kashe shi ba ta shafe shi ba. Kuma don Allah a daina ɗora mana laifi, sau nawa muke cewa a canza kalmar sirri, Alhaji ya ce bar ta haka kar in manta.

Malamar Kwamfuta:

Malam mai kyamara, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, na shaida. Ta farkon ce ban yarda ba. In ka kashe a rauta ba ka kashe a kwamfuta da waya ba. Suna nan da adireshinsu na cikin gida mai farawa da fe80, kunne a buɗe, suna jiran duk wanda zai ce "ni ne rauta, ku biyo ta nan." Wani da ke kan Wi-Fi ɗin shagon zai iya yin wannan shelar ta ƙarya, Windows kuma ta fi son hanyar IPv6 in ta samu, sai ta bi shi. Shagon da yara ke raba wa maƙwabta kalmar sirri, wa ya san wa ke ciki? An sayar da kare an sayi biri ke nan. Ɓarakar 2024 ɗin kuwa sabunta Windows ne maganinta. Ban ce kashewa haramun ba ne, in rautar ba ta da katangar IPv6 sam, a kashe kafin a sayi wata.

Ɗan Kwari, tambayarka ta bin sawu ita ta fi jan hankalina, kuma ba wanda ya amsa ta.

Adireshin rabi biyu ne. Rabin farko kamfani ke ba ka, kamar sunan unguwa da lambar gida. Rabin ƙarshe na'urar ke ƙirƙira wa kanta. A tsarin farko, na'ura takan ɗauki lambarta ta haihuwa, wadda masana'anta suka buga mata, ta tsaga ta biyu ta cusa ff:fe a tsakiya. Abin da ka gani a akwatinka ke nan. Illarsa, wannan rabin ba ya sauyawa. Da wayarka haka take yi, in ka hau Wi-Fi a Kwari da safe, ka hau na otal a Abuja da dare, rabin farko zai canza, na ƙarshe yana nan kamar tsagar gado a fuska. Duk shafin da ka shiga sau biyu ya gane ka, har kamfanin da ya ƙera na'urar ana karantawa a jikin lambar.

Tun 2001 aka fito da gyara, aka sabunta shi a 2007 da 2021: na'ura ta riƙa ƙirƙirar adireshin wucin gadi, ta fita da shi, bayan kamar kwana guda ta sake wani. Su ne ukun da ka gani, kuma sauyawar alamar lafiya ce. Wayoyi da kwamfutocin yanzu suna yi da kansu. Kyamara, firinta da talabijin ne suka fi zama da tsohon hali.

Amma kada a yi maka daɗin baki. Rabin farkon yana nan, yana nuna shagonku, ko da an kasa sanin ɗakin an san gidan. A ƙarƙashin CGNAT kana ɓace cikin taron jama'a, har 'yan sandan Turai na Europol suka koka a 2017 cewa ba sa iya gane mai laifi a cikin masu raba adireshi ɗaya. To abin da ya sauƙaƙa wa ɗan sanda ya sauƙaƙa wa mai talla, da duk wanda ke son sanin me kake karantawa. Mu da aka ɗaure layukanmu da lambar NIN tun ƙarshen 2020, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ina ganin ya dace masu aiki da dokar kare bayanai ta 2023 su riƙa tambayar kamfanoni tsawon lokacin da suke ajiye irin wannan rajista.

In kana amfani da VPN mai ɓoye adireshinka ma ka gwada shi. Wasu IPv4 kawai suke lulluɓewa, IPv6 ya zille ta gefe da adireshinka tsirara.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka da alheri, Malama na gode ƙwarai. Na samu katangar, ashe a kashe take. Na kunna, ƙanina ya gwada ya ce ƙofa ta rufe. Sai na ga wani abu wai ICMPv6, na ce wannan ma ban san shi ba, na toshe shi na sa a saman jeri. To tun la'asar gajeren saƙo yana tafiya, amma hotunan leshi da nake tura wa wata Hajiya a Maraɗi ta imel sun tsaya cak, sai juyawa suke. Me na ɓata kuma?

Injiniyan Samaru:

Ɗan aike ka kora. A IPv4, in kaya ya fi ƙarfin wata hanya, rautocin da ke tsakani kan iya sauke shi su raba ƙulli-ƙulli. A IPv6 ba sa yi. Sai dai su aiko maka da takarda, "kayanka ya yi girma, rage," kuma ta ICMPv6 takardar ke zuwa. Ka toshe ta, kwamfutarka tana ta tura babbar dila ana zubarwa, ba ta san dalili ba. Ƙaramin saƙo yana wucewa ne don kowace hanya dole ta ɗauki bayit 1280. Goge wannan layin, ka bar sauran yadda suke. Ka duba firintar ma, ita ake mantawa.

Ɗan Kwari:

Na goge, hotuna sun tafi, Hajiya har ta zaɓi kala uku. Firintar kuwa ko kalmar sirri ba ta da ita, na sa mata.

Bayan sallar magariba na daure na nuna wa Kawu hoton. Ya daɗe yana kallo, ya ce a juya kyamarar nan ta bar kan dilarsa, sannan a tambayi na Indiya ko kuɗin makarantar da ake tura masa na leƙen shago ne.