Ƙarar fam 1,800 a kotun yanki a Ingila: neman shawara

Maman Khalil: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Na ba wani mai gyaran gida fam 1,800 domin ya gyara mana banɗaki, ya farfasa tayil ya tafi, yanzu ko wayata ba ya ɗauka. Ta yaya ake kai shi kotu, kuma sai da lauya?

Baban Fati: Wa alaikumus salam. Ba sai da lauya ba, domin a Ingila da Wales duk abin da bai wuce fam 10,000 ba yana sashen ƙananan ƙararraki ne, kuma ko kin yi nasara ba a saba mayar da kuɗin lauya ba. Ki fara aika masa wasiƙa da wa'adin kwana 14, sannan ki shigar da ƙarar a shafin gwamnati. Kuɗin shigarwa a wannan adadi fam 115 ne.

Alhaji na Manchester: Hajiya, kafin ki biya ko sisi ki tabbatar da wanda za ki kai ƙara. Ni wani gareji ne ya lalata mini injin mota, na shigar da ƙara, ba su amsa ba, kotu ta ba ni gaskiya cikin sauƙi. Wahalar ta fara ne wajen karɓar kuɗin, domin kotu ba ta biyan kowa daga aljihunta. Sai da na sake biya aka tura ma'aikatan kotu, suka tarar an sauya allon suna a ƙofa, kamfanin da na kai ƙara an rushe shi, mutanen kuwa suna ciki suna aikinsu da sabon suna. Takardar hukuncin tana nan a durowa har yau. Ki duba rajistar Companies House, hukumar gwamnati mai rajistar kamfanoni, kyauta ce.

Malam: Ku lura, fom ɗin shigar da ƙarar yana ba da damar neman ƙarin kashi 8 cikin ɗari a shekara a kan kuɗin, wannan kuwa riba ce.

Baban Fati: Allah gafarta Malam, ba tilas ba ne, tana iya barin wurin babu komai.

Ɗan Zazzau: Mu a Glasgow, a Scotland, tsarinmu daban ne, iyakarmu fam 5,000, saboda haka kada a kwafi tawa.

Alhaji na Manchester: Dama ba wanda ya tambayi Bazazzage.

Anti Nas: Idan ya musanta, tun daga 2024 sai an haɗa ku da mai sulhu ta waya, kyauta. Kuma yawancinsu suna tsoron hukuncin, domin idan bai biya cikin wata guda ba sunansa zai zauna a rajistar hukunce-hukuncen kotu shekara 6, bashin banki ya gagare shi. Ki adana hotunan banɗakin da saƙonninku na WhatsApp.

Maman Khalil: Na gode ƙwarai. Sai dai sunansa na farko da lambar waya kawai nake da su.

Baban Fati: Ki duba sunan asusun da kika tura kuɗin, amma sai kin samo adireshinsa kafin kotu ta iya aika masa takarda.