Wai Hartline ne ya ƙera su?

Ɗan Kolombos: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na amayar. Jami'ar Jihar Ohayo ba ta kyauta wa Brian Hartline, tsohon kocinta a ƙwallon ƙafar Amurka, ba. Ɗan gida ne, a nan ya yi wasa, ƙungiyar Miami Dolphins ta gasar ƙwararru ta NFL ta ɗauke shi a 2009, ya ƙare a Cleveland a 2015. Ya dawo a 2017 ya karɓi ƙaramin aikin mataimaki ba girman kai. A 2018 aka damƙa masa masu cafe ƙwallo, shi ya ƙera Garrett Wilson da Chris Olave da Smith-Njigba da Marvin Harrison ƙarami da Emeka Egbuka, kowannensu a zagayen farko aka ɗauke shi a zaɓen da ƙungiyoyin NFL ke yi wa 'yan wasan jami'a. Sakayyarsa? A 2023 aka ba shi sunan mai tsara hari, amma babban koci Ryan Day ya riƙe ikon zaɓar dabarar da za a buga a hannunsa. A 2024 aka ɗauko wani koci, Chip Kelly, aka ba shi muƙamin, aka ɗora masa a ka. Yanzu ya tafi Jami'ar Kudancin Fulorida da ke birnin Tampa ya zama babban koci, ana ta salati. To ya zauna ya yi me?

Mai Tasi Ditiroit: Ƙera? Malam, tsaya nan tukuna. Harrison ƙarami a gidan ubansa aka ƙera shi. Uban ya cafe ƙwallo 143 a kakar 2002 kaɗai tare da mai jifa Peyton Manning. Yaron da ya tashi a wannan gida kake cewa wani ya ƙera?

Ɗan Kolombos: Ba wannan ce maganata ba. Ina magana ne a kan yadda aka riƙe shi.

Mai Tasi Ditiroit: Kai ka rubuta "ƙera", ba ni ba. Maƙeri ɗanyen ƙarfe ake kawo masa. Wannan gyararrun kaya yake saye. Dillali ne, dillali mai ido, na yarda.

Gwaggon Yara: Dillali kuma? Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah. Su sauran jami'o'in ba sa samun yara masu taurari biyar, wato zakarun 'yan wasan sakandare? Ina nasu suke? Yaro ya zo da gudu da tsalle, amma wa ya koya masa inda zai karya kwana, da yadda zai kuɓuce wa mai tsaro a takun farko? Ku kalli yadda Olave ke bin hanyarsa a fili, kamar da ma'auni. Wannan koyarwa ce.

Bakatsine a Dalas: Hajiya, Olave ɗin ma da kika kawo, Ryan Day ne ya gano shi a Kalifoniya, ya je kallon wani mai jifa ne ya gan shi. Kenan ko dillancin ma ba duka ne nasa ba.

Gwaggon Yara: To ai ka taimake ni. Olave bai zo da babban suna ba, ya fita na 11 a zaɓen 2022. Tsakanin zuwansa da fitarsa a hannun wa yake?

Mai Tasi Ditiroit: A hannun Justin Fields da C.J. Stroud. A ba ni waɗannan biyun su riƙa jefo mini, ni ma da tumbina sai an zaɓe ni.

Ɗalibin Toledo: Baba, da girmanka, Stroud ɗin ma ai wasu cewa suke masu cafewar ne suka ɗaga shi. Wasan Rose Bowl da Jami'ar Yuta, Smith-Njigba ya yi yadi 347, ranar Wilson da Olave ba su ma buga ba.

Mai Tasi Ditiroit: Yaro, je ka yi karatu. Ga tambaya ɗaya, wanda ya amsa na yi shiru. Jameson Williams shekara biyu yana hannun maƙerin naku yana ɗumama benci. Ya koma Jami'ar Alabama a 2021, ya yi sama da yadi 1,500, Lions ɗinmu na Ditiroit suka ɗauke shi na 12. Wa ya ƙera wannan?

Gwaggon Yara: Ya bar wurin ne don Wilson da Olave sun tare masa hanya. Na 10, na 11, na 12 a jere, duka daga ɗaki ɗaya suka fito. Hujjarka ta zama tawa.

Mai Tasi Ditiroit: Ɗaki ɗaya, amma sai da ya fita ya sha iska.

Mamman Zongo: Ni fa har yau ban gane ba. Wasan da ake rungume ƙwallo a ƙirji ana gudu, ku ce ƙwallon ƙafa. Kociya goma sha, har da mai koyar da cafewa kawai. Albashin banza.

Bakatsine a Dalas: Mamman, kullum sai ka shigo da wannan. Akwai zauren Firimiya, ka san hanya.

Mamman Zongo: Zauren na ubanka ne?

Bakatsine a Dalas: Kada ka sake ka sako iyaye.

Ɗalibin Toledo: Don Allah a yi haƙuri. Ni abin da ya burge ni, Egbuka ɗan Najeriya ne ta wajen uba, ƙungiyar Tampa Bay ta NFL ta ɗauke shi na 19 a 2025.

Mamman Zongo: Ga shi nan, an fara. Duk wanda ya yi suna ɗan Najeriya ne. Smith-Njigba kuma asalinsa Saliyo, ban ji ka ambata ba.

Ɗan Kolombos: Jama'a, maganar Chip Kelly fa? Ba wanda ya taɓa ta.

Bakatsine a Dalas: Da Kelly ɗin aka ci kofin ƙasa, 34 da 23 a kan Notre Dame, Janairun 2025. Kuma da ya tafi an mayar wa mutuminka muƙamin. Ina zaluncin?

Mai Tasi Ditiroit: Kofi dai kofi, amma a wannan kakar mu 'yan Jami'ar Mishigan mun je har gidanku a Ohayo mun ci ku 13 da 10. Da Jeremiah Smith da Egbuka duka a fili, maki 10! Shekara huɗu a jere, 2021 zuwa 2024. Ina maƙerin yake?

Gwaggon Yara: Yanzu ka fito a mutum. Tun farko ciwon Mishigan ne ke damunka, ba Hartline ba. Ka faɗi na 2025 mana, da muka ci ku 27 da 9 a gidanku.

Mai Tasi Ditiroit: Huɗu da ɗaya, Hajiya. Ki ƙirga da yatsu.

Gwaggon Yara: Na ƙirga har da kofinku na 2023 da aka dakatar da kocinku kan satar alamomin sirri na abokan karawa.

Mai Tasi Ditiroit: Kofin yana nan a Ann Arbor, garin jami'armu, ba wanda ya zo karɓa.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, zan rufe. Abin da aka tsayar: mafi yawan masu hankali sun yarda "ƙera" ta yi nauyi, Hartline gwanin zawarcin yara ne, sauran kuwa aikin masu jifa da jinin gado. Ba a amsa tambayar Jameson Williams ba, kowa ya gani. Maganar huɗu a jere ma ba wanda ya musa. Hajiya ta yi ƙoƙari, amma ta kauce zuwa abin da bai shafi zancen ba. Mamman da Bakatsine ku same ni ta gefe. Mai gidan da ya kawo ƙorafi kuma ya jira mu ga abin da mutuminsa zai yi a Tampa, inda ba a rububin zuwa.

Gwaggon Yara: Shugaba, ka cire hular Mishigan ɗin da ke hoton bayananka kafin ka yanke hukunci.

Ɗan Kolombos: Ni fa a kan Ryan Day na yi magana.